Riƙon Marayu a Birnin Kano: Ina Tallafin Yake Tafiya, Ina Yaran Suke?

Gabatarwa

A cikin ganuwar Kano, idan magidanci ya rasu ya bar 'ya'ya ƙanana, ba a watsewa daga zaman makoki sai dangi sun tattauna makomarsu. Baffa ya ɗauki namiji, gwaggo ta ɗauki mace, na goye ya bi uwarsa har ta gama takaba. Ta wannan hanya ake rainon mafi yawan marayun birni, daga Yakasai zuwa Mandawari, daga Dala zuwa Ƙoƙi. Wannan nazari ya dubi tsarin riƙo da dokokin da suka kewaye shi, sannan ya auna irin taimakon da masu hali da ƙungiyoyi suke bayarwa. Hujjar da yake kafawa ita ce, nauyin maraya yana kan gidajen dangi, amma sadakar jama'a ta fi karkata ga wurare da lokutan da ido yake gani.

Tushen riƙo a al'ada

Riƙo a ƙasar Hausa bai taƙaita ga maraya ba. Kunyar ɗan fari takan sa a miƙa yaro ga kaka tun daga yaye. Matar da Allah bai ba haihuwa ba, 'yan'uwa sukan ba ta ɗa don ɗebe kewa. Amarya ma akan haɗa ta da ƙaramar yarinya ta taya ta zama. Tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya nuna mace da ba ta taɓa haihuwa ba amma ta raini 'ya'yan dangi har ta aurar da su. Saboda haka yaron da ya tashi a hannun gwaggo ba baƙo ba ne a idon unguwa, kuma wannan babbar garkuwa ce ga maraya.

Sai dai riƙo yana da fuska ta biyu. Binciken da Enid Schildkrout ta yi a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal a shekarun 1970 ya bayyana yadda sana'ar matan kulle ta dogara ga yara: su ne masu talla, su ne 'yan aike, su ne masu kai kuɗin adashi. A irin wannan tattalin arziki, 'yar riƙo hannu ce da ke shigo da kuɗi. Idan gida yana da wadata, tallarta takan tara mata kayan ɗaki. Idan babu, ita ce za ta fita da farantin awara tun da sanyin safiya, 'ya'yan gida suna ɗaura jakar makaranta. Agola, wato yaron da ya bi uwarsa gidan sabon miji, shi ma yakan faɗa irin wannan hali.

Abin da Shari'a da doka suka tanada

Musulunci ya kwaɗaitar da ɗaukar nauyin maraya, amma Suratul Ahzab ta hana a jingina yaro ga wanda ba mahaifinsa ba. Ɗan riƙo yana nan da sunan ubansa, ba ya gadon mariƙinsa, sai dai a yi masa kyauta tun ana raye ko wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. A mazhabar Malikiyya da kotunan Kano suke bi, haƙƙin raino na uwa ne. Idan ta auri wanda ba muharramin yaron ba, sai ya koma ga kakar wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Kula da dukiyar yaro kuwa yana hannun wasiyyin da uba ya naɗa, in babu sai alƙali.

Akwai wata gaɓa da ba a cika lura da ita ba. Malikiyya ta taƙaita wajabcin ciyar da dangi ga iyaye da 'ya'yan cikin mutum. Baffan da ya ɗauki 'ya'yan ɗan'uwansa kyautatawa yake yi, kotu ba za ta tilasta masa ba. Ma'ana, dukan tsarin yana tsaye ne a kan zumunci da ƙarfin aljihu. Kuma tunda maraya matalauci yana cikin masu cin zakka, babu abin da ya hana a kai zakkar gidan da ake riƙonsa.

Dokar zamani ma ta amince da wannan tsari. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ambaci kafala a sashe na 20 a matsayin halastacciyar hanyar kula da yaron da ya rasa iyaye. Nijeriya ta kafa dokar haƙƙin yara a 2003, Kano kuwa sai a 2023 aka sa hannu a kan tata dokar kare yara, bayan doguwar muhawara kan daidaita ta da Shari'a.

Inda taimako yake zuwa

Taimakon marayu a Kano yana bin hanyoyi uku. Ta farko ita ce gidajen gwamnati, irin su Gidan Marayu na Nasarawa da Torrey Home mai kula da yara masu lalurar ƙwaƙwalwa. Waɗannan suna karɓar jariran da aka tsinta da yaran da ba a gano danginsu ba, kuma nan ne manyan mutane da kamfanoni suka fi kai buhunan shinkafa. Ta biyu ita ce kwamitocin marayu na masallatai da ƙungiyoyin addini, irin na Izala da na zawiyoyin ɗariƙu, waɗanda suke tara gudummawa a wuraren tafsiri. Ta uku ita ce Hukumar Zakka da Hubusi da aka kafa a 2003 zamanin Malam Ibrahim Shekarau.

Duk wanda ya halarci rabon kayan sallah a goman ƙarshe na azumi ya san kyawun abin: yara a jere a harabar masallaci, namiji da yadin shadda, mace da atamfa, wani lokaci har da kuɗin ɗinki. Alheri ne na gaske, kuma yana faranta zuciyar yaro. Amma bukatun da suke karya mariƙi ba na shekara-shekara ba ne. Kuɗin jarrabawa, maganin zazzaɓin cizon sauro a damina, littafi, sabulu, cefanen yau da gobe, su ne suke sa kaka ta cire jika daga makaranta. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, tsadar abinci ta yi tashin da a tsakiyar 2024 ta kai kusan kashi 40 cikin ɗari a shekara. Gidan da dā yake karɓar ɗan ɗan'uwa ba tare da tunani ba, yanzu sai ya yi lissafin kwanon masara.

Darasi daga wata ƙasa yana ƙarfafa hujjar tallafa wa gidajen riƙo. A Romaniya, a farkon shekarun 2000, masu bincike sun bi rayuwar yara 136 na gidajen marayun Bukarest, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo da ake tallafa wa. Waɗanda suka koma cikin iyali sun fi bunƙasa ta fuskar fahimi da shaƙuwa, musamman waɗanda aka mayar kafin su cika shekara 2. Abin da wasu ƙasashe suke kashe kuɗi su gina daga tushe, Kano ta gaje shi; abin da ya rage mata shi ne ta tallafe shi.

Giɓi uku

Na farko, rashin rajista. Ana miƙa yaro da baki, ba takarda, ba shaida. Lamarin yara 'yan Kano da aka sace aka gano a Anaca a 2019 ya nuna haɗarin da ke tattare da yaron da ba shi da takardar haihuwa. Na biyu, rashin bibiya: ba wanda aka ɗora wa alhakin leƙawa ya ga ko ana yi wa yaro riƙon sakainar kashi. Na uku, dukiyar maraya. A cikin birni gado yakan zama ɗaki ɗaya ko biyu a gidan gandu. Idan aka sayar da gidan, kason yaro yakan narke a hannun babba kafin ya balaga, duk da kakkausan gargaɗin Suratun Nisa'i.

Kammalawa

Gyaran ba ya bukatar sabon gini. Mai unguwa da limami sun san kowane gida, don haka su ne suka dace su riƙe kundin yaran riƙo, tare da jami'an jin daɗin jama'a na ƙananan hukumomin Birni, Dala da Gwale. Kwamitocin marayu su raba abin da suka tara gida biyu: kayan sallah, da kuma alawus na wata-wata ga mariƙiya, bisa sharaɗin yaro yana makaranta. Mata masu amana su riƙa ziyartar gidajen, domin su ne suke iya shiga har ɗaka. Kotuna su tabbatar an rubuta kason maraya an ba da rahotonsa lokaci-lokaci. Attajiran kasuwannin Kurmi da Kwari kuwa su duba waƙafi: shago ɗaya da aka tsayar don marayun unguwa zai riƙa biyan kuɗin makaranta bayan ran mai shi. Kakar da ta karɓi jikoki huɗu a ɗaki ɗaya tana sauke wa al'umma farilla ne, kuma haƙƙinta ne al'umma ta ɗauki rabin kayan.