Ƙafar da Ba Ta Jin Ƙaya

Ya mai karatu, in ka taɓa ganin dattijo a majami'a yana ƙoƙarin buɗe littafin waƙoƙi da dungulmin hannu, to, ka ga wani shafi na tarihin ikkilisiyarmu wanda ba a cika karantawa ba. Da yawa daga cikin masu bi na farko a ƙasar nan a asibitin kutare suka fara jin bishara.

A shekara ta 1929 mishan na 'Yan'uwa suka buɗe wurin jinyar kutare kusa da Garkida. Wajen ƙarshen shekarun 1930 kuma mishan na SIM suka karɓi irin wannan aiki da yardar sarakuna, a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Akasarin majinyatan waɗannan wurare uku Musulmi ne, da yawansu kuma sun koma gida a kan addininsu, gaskiya ce da bai kamata mu ɓoye ba. Maganin wancan zamani man wani itace ne na ƙasar Indiya, ana yin allurarsa a fata shekara da shekaru, ga zafi, ga shi ba kowa yake yi wa aiki ba. Abin da majinyaci ya tabbata zai samu shi ne gona, da makaranta, da sujada, da hannun da zai wanke masa gyambo ba tare da ƙyama ba. Mutumin da danginsa suka ware masa ƙwaryar shan ruwa, in aka karanta masa surar farko ta Markus, inda Yesu ya taɓa kuturu kafin cutar ta rabu da shi, ba ya bukatar mai wa'azi ya yi masa dogon bayani.

Daga ƙarshen shekarun 1940 ƙwayar dapson ta shigo, a 1981 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, har ya zama a yau wata shida ko shekara guda sun isa a kashe ƙwayar cutar. Matasa suka warke suka tafi, waɗansu daga Garkida suka kafa ikkilisiyoyi a ƙauyukansu. Tsofaffi su ne suka rage. Magani ya kashe ƙwayar, amma bai farfaɗo da jijiyar da ta riga ta mutu ba.

A nan ne aikin wani likita ɗan Ingila, Paul Brand, ya shafe mu. A asibitin mishan na Vellore, a Indiya, ya nuna cewa galibi ba cutar ce take cinye yatsu kai tsaye ba, rashin jin zafi ne. Ƙafa ta taka ƙaya ba ta sani ba, hannu ya ɗauki tukunya daga murhu bai ji ƙuna ba, rauni ya ruɓe, ƙashi ya lalace. Kāriyar kuwa aiki ce ta kowace safiya har ƙarshen rai. A jiƙa ƙafa cikin ruwa, a goge kaushi, a shafa mai, a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, in an ga rauni a huta har ya warke.

Ka lura, ɗan'uwana, ba likitan da zai iya yi wa tsoho wannan kullum. Shi ne zai yi, kuma ba zai daɗe yana yi ba sai in ya gaskata cewa jikin nan nasa, da dukan tabonsa, yana da daraja a gaban Mahaliccinsa, kuma akwai masu jiran ganinsa ranar Lahadi. A ganina, wannan ita ce mahaɗar bangaskiya da lafiya wadda tarihin nan ya nuna. Wanda ya ɗauki kansa la'ananne yakan bar gyambo ya ci. Wanda aka ba shi aikin jagorar addu'ar safe yana da dalilin kiyaye ƙafar da za ta kai shi wurin. Shi ya sa nake baƙin ciki in na ji ana gaya wa dattijai su zubar da magani don nuna bangaskiya. Iyayenmu na Garkida sun yi addu'a, sun kuma shiga layin allura.

A 1966 Brand ya koma Carville, a Amurka, inda ya ga abin da ya koya a kan kuturta ya dace da masu ciwon suga, gama shi ma yana kashe jijiyoyin ƙafa. Tsofaffin da suke fama da shi a ikkilisiyarka sun fi kutaren da ka taɓa gani yawa. In zumuntar mata ko dattawa suka je gaishe da Baba ko Mama, bayan karatu da addu'a, sai wani ya roƙa a kawo ruwa a daro, ba mai zafi ba, ya gwada shi da nasa hannun tukuna.