Tarihin Ma'ajiyar Wucin Gadi da Matsalar Tsohon Shafi

A shekarar 1965 Maurice Wilkes na Jami'ar Kambirij ya kawo shawarar a sanya wata 'yar ƙwaƙwalwa mai sauri a gaban babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta, domin ta riƙe abin da aka fi yawan nema. Kamfanin IBM ya sanar da irinta a 1968 cikin na'urarsa System/360 Model 85, aka laƙaba mata suna "cache", kalmar Faransanci mai nufin maɓoya. A Hausa ana ce mata ma'ajiyar wucin gadi.

Da intanet ta bunƙasa sai dabarar ta koma kan shafuka. Manhajar sarrafa shafi irin WordPress, wadda ta fito a 2003, takan haɗa kowane shafi daga rumbun bayanai a duk lokacin da aka buƙace shi, aikin da ke gajiyar da uwar garke idan masu karatu suka yi yawa. Saboda haka Brad Fitzpatrick ya rubuta Memcached a 2003 domin dandalin LiveJournal, jaridar Verdens Gang ta ƙasar Nowe kuma ta ɗauki nauyin Varnish, wadda ta fito a 2006. Dukkansu suna ajiye kwafi ne su miƙa wa mai nema.

Sai dai kwafi bai san an sauya asali ba. Edita zai gyara ranar jarrabawa a shafin makaranta, gyaran ya shiga rumbun bayanai lafiya lau, amma ɗalibi ya buɗe ya tarar da tsohuwar ranar, ya kuma yi shiri a kanta. Abin takaicin shi ne editan ba ya ganin matsalar, domin galibi wanda ya shiga da sunansa ana kai shi ga asalin ne kai tsaye.

Hanyoyi biyu aka bi. Ƙa'idar HTTP/1.1 ta watan Janairun 1997 ta inganta yadda ake yanka wa kwafi wa'adi, in ya cika a sake ɗauko sabo. Ta biyu ita ce share kwafin da zarar an yi gyara, wadda ta fi dacewa amma ta fi wuya, tunda rubutu guda kan bayyana a shafin farko, da jerin labarai, da wasu wurare da dama. Har yau editocin Wikipedia, ciki har da na Hausa, sukan ƙara umarnin "action=purge" a adireshin shafi idan gyaransu ya ƙi bayyana.