Animasiyo a Damargu

Animasiyo shi ne aikin wayar da kan mutanen karkara a Nijar. Gwamnatin Diori Hamani ce ta soma shi a farkon shekarun 1960, da taimakon cibiyar IRAM ta Faransa. A wancan lokaci, gari ke zaɓar wakilansa, a horar da su na 'yan kwanaki, su dawo su riƙa jan taro a ƙofar maigari.

A Damargu, wato Tanut da Belbeji, aikin a lokacin sai mai haƙuri. Mai jan taro kan zauna tsakanin manomin gero da makiyayi, wannan na Hausa, wancan na Buzanci ko Fillanci, gardamar kuwa a kan rijiya guda ko burtali.