Tarihin Ƙwayoyin Ƙara Kuzari a Wasanni

Ƙwayoyin ƙara kuzari su ne magunguna da sinadaran da ɗan wasa ke sha ko ake yi masa allurarsu domin ya samu ƙarfin da ya wuce nasa na halitta, ko ya jure horo mai tsanani, ko jikinsa ya warware da wuri bayan gajiya da rauni. Wannan na ƙarshe shi ya fi jan 'yan wasa, domin wanda ya warware cikin kwana ɗaya zai koma atisaye yayin da abokin karawarsa ke kwance yana jinyar tsamin jiki.

Neman taimako kafin shiga fage tsohon abu ne. A ƙasar Hausa, ɗan dambe da ɗan kokawa ba sa fita fili sai da laya da guru da saiwoyin da aka jiƙa musu, kuma ba wanda ke kallon hakan a matsayin maguɗi, tunda kowane ɓangare da nasa shirin. Abin da ya canza lissafi shi ne shigowar magungunan ɗakin bincike, waɗanda aikinsu a jiki tabbatacce ne, haka ma illarsu.

A gasar Olamfik ta 1904 a birnin St. Louis na Amurka, an ɗirka wa Thomas Hicks gubar sitirikinin da barasa a tsakiyar gudun yada-ƙanin-wani, ya yi nasara yana tangaɗi, ba a kuma hukunta kowa ba don babu dokar da aka karya. Hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta haramta magungunan zaburarwa a 1928, amma haramcin ya tsaya a takarda saboda babu hanyar gwaji. A 1935 masana suka haɗa sinadarin testostiron, wanda daga gare shi aka samo dangin sitiroyid masu gina tsoka. Sai da aka yi asarar rayuka kafin hukumomi su farka: Knud Jensen, ɗan tseren keke na Denmak, ya rasu a gasar Olamfik ta Rum ta 1960, sannan Tom Simpson na Ingila ya faɗi matacce a tseren keken Faransa na 1967, da amfetamin a jikinsa. A 1968 aka fara gwajin 'yan wasa a Olamfik.

Daga nan aka shiga wasan ɓuya tsakanin masu gwaji da masu sha. Jamus ta Gabas ta mai da abin aikin gwamnati, tana bai wa dubban 'yan wasa sitiroyid, ciki har da 'yan mata ƙanana da ba su san abin da suke haɗiya ba. Ben Johnson na Kanada ya gama mita 100 cikin daƙiƙa 9.79 a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, aka ƙwace zinarensa bayan gwaji ya tona shi. Abin kunyar da ya auku a tseren keken Faransa na 1998, inda aka kama mota maƙare da EPO, maganin da ke ƙara jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa aka kafa hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, a 1999. Ita ce ke fitar da jerin abubuwan da aka haramta kowace shekara.

Nijeriya ta ɗanɗana abin ta fuska biyu, ta ci riba ta kuma yi asara. An dakatar da Chioma Ajunwa shekara huɗu a 1992, ta dawo ta ci zinaren dogon tsalle a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 da mita 7.12. A Sydney a 2000, 'yan gudun ba-ni-in-ba-ka na mita 400 sun zo na biyu a bayan Amurka. Da Antonio Pettigrew na tawagar Amurka ya amsa cewa ya yi amfani da haramtattun magunguna, sai aka mai da zinaren ga Nijeriya a 2012. Sunday Bada, ɗaya daga cikin gwarazan tawagar, ya rasu a Disambar 2011, bai ga wannan rana ba. Haka Mariam Usman, mai ɗaga nauyi, ta zo ta biyar a Beijing a 2008, sai bayan shekaru aka ba ta tagulla da aka sake gwada samfurin waɗanda suka sha gabanta. Lambar yabon da ta iso bayan taro ya watse ba ta biyan abin da aka rasa.

Ɓangaren asarar ya fi tsawo. An ƙwace zinaren mita 100 daga hannun Osayemi Oludamola a gasar ƙasashe renon Ingila ta Delhi a 2010. A irin wannan gasar a Glasgow a 2014 aka karɓe zinaren ɗaga nauyi na Chika Amalaha, yarinya 'yar shekara 16, bayan an samu magungunan sa fitsari a jikinta, irin waɗanda ake sha don rage nauyi ko ɓoye wani maganin. Da wuya a yarda cewa yarinya mai waɗannan shekarun ita kaɗai ta tsara wa kanta haka. A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 aka hana 'yan wasan Nijeriya goma shiga gasa, ba don an kama su da komai ba, sai don ba a yi musu adadin gwajin da doka ta tanada ba kafin tafiya, wanda sakaci ne na mahukunta. A wannan gasar aka dakatar da Blessing Okagbare saboda sinadarin ƙara girman jiki, hukuncinta ya kai shekara 11. Divine Oduduru ya samu shekara shida a 2023. Mutumin da ya sayar wa Okagbare magungunan, Eric Lira, shi ne na farko da aka gurfanar ƙarƙashin dokar Rodchenkov ta Amurka mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari.

A nan gida kuwa, Bauchi ba baƙuwa ba ce a manyan gasa. Ta karɓi baƙuncin gasar wasanni ta ƙasa a 1991 da 2000, kuma filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, gidan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Wikki Tourists, ya ɗauki wasannin kofin duniya na matasa a 1999 da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Sai dai matashin da ke taka leda a filin unguwa ko yake ɗaga ƙarfe da yamma, a Bauchi ko Kano ko Zariya, ba EPO ce ke kusa da shi ba, wannan ta masu kuɗi ce. Abin da ke hannunsa shi ne tiramol, wato tramadol, da ake samu a kemis da wurin 'yan tebur. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a 2019, ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da ƙwayoyi cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu masu shan irin su tiramol ne ba bisa umarnin likita ba.

Tiramol ba ta gina tsoka, ba ta kuma warkar da rauni. Zafi kawai take kashewa, sai mai targaɗe ya ci gaba da gudu a kan ƙafar da ke neman hutu har ɓarnar ta ninka. Yawan shanta na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ga kamu da ke da wuyar rabuwa. Sitiroyid kuwa tana lalata hanta da zuciya, tana rage wa namiji ƙwayoyin haihuwa, tana sa mace gemu da kaurin murya. Masu cin goro dai hankalinsu ya kwanta, domin tun 2004 aka cire sinadarin kafin da ke cikinsa daga jerin haramtattu.

Dokar WADA ta ɗora wa ɗan wasa alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko da koci ne ya ba shi, ko mai kemis, ko ya sha cikin jiƙo bai sani ba. Wanda ke da cutar da ke buƙatar haramtaccen magani, kamar ciwon suga da ake yi wa allurar insulin, sai ya nemi izini na musamman ta hannun likita tun kafin gasa. Tun daga 1 ga Janairun 2024 tiramol ta shiga jerin magungunan da aka haramta a lokacin gasa, don haka ya kamata masu horar da yara a Bauchi su sanar da su wannan kafin su kai matakin da ake karɓar fitsari.