Ƙanshin da Kanumfari da Wiwi Suka Haɗa

Matar da ke daka yajin jego a Sandamu, ta zuba citta da kimba da masoro da kanumfari a turmi, ba za ta yarda cewa akwai abin da ya haɗa turminta da tabar wiwi ba. Amma akwai. Wani sinadarin ƙanshi mai suna bita-kariyofilin yana cikin masoro da kanumfari, kuma yana daga cikin waɗanda suka fi yawa a man wiwi. Danginsa su ne masana ke kira tarfin, wato mayukan da ke ba tsirrai ƙanshinsu, irin na ɓawon lemo da na na'a-na'a.

A ƙasar Hausa, kanumfari ne ya fara kawo shi daga nesa. Asalin itacen tsibiran Maluku ne na Indunusiya, kuma sunan da kansa shaida ne kan hanyar da ya biyo: daga "ƙaranful" na Larabci, a bakin fataken da ke ratso Sahara zuwa Katsina da Daura da Kano. A ƙarni na 19 gonakin Zanzibar suka cika kasuwannin duniya da shi. Sunan sinadarin ma daga tsohon sunan kanumfari na Latin aka ciro shi.

Wiwi kuwa baƙuwa ce ta baya-bayan nan. Yawancin masu tarihi suna danganta yaɗuwar shanta a Najeriya da sojoji da ma'aikatan jiragen ruwa da suka dawo daga Indiya da Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1966 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta tanadi hukunci har na kisa ga mai noma ta, a 1989 kuma aka kafa hukumar NDLEA. Duk da haka, binciken da aka gudanar da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta masu shanta a ƙasar sun kai miliyan 10.6.

Masana sun daɗe suna kallon kariyofilin a matsayin ƙanshi kawai, sai dai siffarsa mai wuyar sha'ani ta ja hankalin masu harhaɗa sinadarai, har E. J. Corey na Jami'ar Harvard ya ƙera shi a ɗakin gwaji a 1964. A shekarar ce kuma Raphael Mechoulam da abokin aikinsa suka tantance THC, sinadarin da ke sa maye a wiwi. Daga baya aka gano cewa jikin ɗan Adam yana da ƙofofi biyu da irin waɗannan sinadarai ke buɗewa: CB1, wadda ta fi yawa a ƙwaƙwalwa, da CB2, wadda aka gano a 1993, ta fi yawa a ƙwayoyin garkuwar jiki. THC yana kama ta farko, daga nan maye ke fitowa. A 2008 Jürg Gertsch da tawagarsa a Zurich suka nuna cewa kariyofilin yana kama CB2 kaɗai, ba ya taɓa CB1. Saboda haka ba ya bugarwa, kuma a gwajin ɓeraye ya rage kumburi. Gwaje-gwajen da suka biyo baya, su ma akasari a kan dabbobi, sun nuna alamar yana sassauta ciwon jijiya.

A nan ne masu tallar wiwi a intanet ke yin tsalle. Sukan ɗauki sakamakon ɓera su yafa wa hayaƙin da matashi ke zuƙa a bayan tasha, alhali kuwa wiwi tana tafe da THC, wanda yawan shansa tun da ƙuruciya ke da alaƙa da taɓin hankali. Gwajin kariyofilin a kan mutane bai kai ga likita ya rubuta shi a matsayin magani ba. A Amurka izinin da yake da shi na ƙara wa abinci ɗanɗano ne.

Hatta kanumfarin da ake cusa wa haƙori mai ciwo, ba kariyofilin ne ke yin mafi yawan aikin ba. Wani sinadari ne daban, yujinol, wanda shi ne kaso mafi tsoka a man kanumfari, kuma likitocin haƙori suna amfani da shi har yau.