Tarihin ƙaramin zauren ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya koyar da lissafi ya san yaron da za a ce ya tara 47 da 38 a ka. Ya haɗa bakwai da takwas, ya samu sha biyar, ya riƙe ɗaya, yana juyawa kan huɗu da uku sai ɗayan ya suɓuce masa. Wurin da yake ajiye ɗayan nan yayin da yake sarrafa sauran lambobin, shi masana halayyar ɗan Adam ke kira ƙwaƙwalwar aiki. Na daɗe a aji, kuma ina ganin kowane malami ya kamata ya san yadda aka gano wannan wuri, don sanin yana sa mutum ya tausaya wa ɗalibinsa.

A 1887 Joseph Jacobs ya yi wani gwaji a Landan: a karanta wa ɗalibi jerin lambobi, ya maimaita, a ƙara ɗaya, har ya kasa. Har yau da wannan ma'auni ake aiki. A 1890 William James na Amurka ya raba tunani gida biyu, abin da ke cikin hankali yanzu da abin da ya tafi sai an kirawo shi. Sai 1956 George Miller na Jami'ar Harvard ya fitar da maƙalarsa da ta yi suna, inda ya nuna cewa baligi yakan riƙe abu bakwai, ko ya ƙaru da biyu ko ya ragu da biyu. Ya kuma lura cewa dunƙule ake ƙirgawa. Shi ya sa lambar waya mai alƙaluma goma sha ɗaya muke faɗinta kashi uku, ba ɗaya bayan ɗaya ba.

Bayan yawa sai daɗewa. A 1959 Lloyd da Margaret Peterson suka riƙa ba mutane baƙaƙe uku kacal, sannan su sa su ƙirga lambobi da baya uku-uku don kada su nanata. Cikin sakan 18 kusan duka sun ɓace. Daga irin waɗannan gwaje-gwaje ne Richard Atkinson da Richard Shiffrin suka zana taswirarsu a 1968. A ganinsu wurin nan kamar zaure yake: duk abin da zai shiga cikin gida, wato ajiya mai daɗewa, sai ya bi ta nan.

Labarin wani mara lafiya da aka sani da H.M. ya ƙarfafa wannan ra'ayi. A 1953 likita William Scoville ya cire masa wani sashe na ƙwaƙwalwa ta gefe biyu don magance farfaɗiya. Brenda Milner, wadda ta yi shekaru tana nazarinsa, ta ga yana maimaita jerin lambobi kamar kowa, amma da hankalinsa ya koma wani wuri sai komai ya goge. Zaurensa lafiya lau, ƙofar cikin gida ce ta toshe. Sai dai a 1970 Tim Shallice da Elizabeth Warrington suka bayyana wani mai suna K.F., wanda ya ji rauni a haɗarin babur. Da kyar yake maimaita lambobi biyu, amma yana koyon sabon abu ya zauna masa. Idan hanya ɗaya ce tak kuma ta lalace, ta ina ilimin ke shiga?

Wannan tambaya ce ta kai Alan Baddeley da Graham Hitch ga aikinsu na 1974 a Birtaniya. Sun sa mutane su riƙe lambobi shida yayin da suke warware tambayoyin tunani. Da wurin guda ne, da aikin ya tsaya cak. Sai ga shi gudu ne ya ragu, aikin bai rushe ba. Suka ce ashe sassa ne: ɗaya na riƙe sauti ta hanyar nanatawa a zuci, ɗaya na riƙe siffa da wuri, sai shugaba mai raba hankali tsakaninsu. A 2000 Baddeley ya ƙara na huɗu, mai haɗa waɗannan da abin da mutum ya riga ya sani. Zauren dai ba mashiga kaɗai ba ne, a ciki ake ɗinki, a ciki ake karatu.

Sashen sauti ne ya fi jan hankalina. A 1975 Baddeley da abokan aikinsa suka gano cewa mutum yakan riƙe kimanin abin da zai iya furtawa cikin sakan biyu, don haka gajerun kalmomi sun fi dogaye zama. A 1980 Ellis da Hennelly suka gwada masu harshe biyu a Wales, suka ga sun fi riƙe lambobi da Turanci, saboda sunayen lambobin harshen Wales sun fi cin lokaci a baki. Kaifin basira bai shigo ciki ba ko kaɗan. A 2001 kuma Nelson Cowan ya ce idan aka hana nanatawa da dunƙulewa, adadin ya fi kusa da huɗu.

To ana iya faɗaɗa wurin? A Jami'ar Carnegie Mellon, Anders Ericsson da William Chase sun horar da wani ɗalibi har ya tashi daga lambobi bakwai zuwa 79. Ɗan tseren gudu ne, sai ya riƙa mai da lambobin lokutan tsere da ya sani. Da aka ba shi baƙaƙe, sai ya koma wajen shida. Abin da ya ƙaru shi ne hanyar ɗaure sabo da tsoho.

Wannan ƙarancin wuri kowa da shi, farfesa da ɗan aji ɗaya, sani ne ya bambanta su. Saboda haka nake roƙon 'yan'uwana malamai mu ba da umarni ɗaya kafin na biyu, mu bar yaro ya rubuta abin da ya riƙe, mu fara da abin da ya sani. Mu kuma tuna cewa wanda ake koya wa darasi da harshen da bai zauna masa ba, kalmomin kansu suna cinye masa wuri kafin ya kai ga darasin. Irin wannan yaro taimako yake buƙata, kuma haƙƙinsa ne a kanmu.