Wallafa Daban, Bugawa Daban: Daga Zariya Zuwa Takur

Yau darasin namu tarihi ne, amma wata tambaya ce ta jawo shi.

Wata ɗaliba da ke zaune a Takur, tana karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ta aiko mini da saƙo. Ta gama rubuta littafinta na farko, ƙagaggen labari. Wani kamfani ya ce ta biya, cikin makonni kaɗan za su "wallafa" mata kwafi 200. Wani malaminta kuma ya ce ta yi haƙuri ta aika wa kamfanin da zai ɗauki nauyin komai, ko da za ta shekara tana jira. Kuɗin da ake nema ba ƙarami ba ne a wurinta, na adashen mahaifiyarta ne. Ta ce, "Malam, wanne ya fi?"

Mu fara da kalmar da aka faɗa mata. "Wallafa" daga Larabci muka aro ta, kuma asalin ma'anarta tsara littafi, wato aikin marubuci. Shi ya sa ake ce wa marubuci mawallafi, aikinsa kuma talifi. "Ɗab'i" shi ne bugawa da inji, maɗaba'a kuma wurin da ake bugawar. To akwai wani aiki na uku a tsakaninsu: a zaɓi rubutu, a tace shi, a zuba kuɗi a buga, a kai kasuwa, in an faɗi a ɗauki asarar. Wannan aikin ba mu ware masa kalma tasa ta kansa ba, sai muka ɗora shi a kan "wallafa". Yau mai injin bugu ma yana iya rubuta "mawallafa" a allon shagonsa, ba kuwa wanda zai ce ya yi ƙarya.

A Zariya aka fara wannan aiki na uku a rubutun boko. A 1933 Hukumar Talifi, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar ƙaga labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Duk sababbin marubuta ne, irin ɗalibarmu, kuma babu wanda ya ciro kwabo daga aljihunsa. Amma fa sun biya da wani abin. East ba ya barin rubutu yadda ya zo masa, yana yankewa, yana sa a sake, kuma shi ne mai cewa wannan ya dace da ɗan makaranta, wancan bai dace ba. Hukumar ta gwamnatin mulkin mallaka ce, kasuwarta kuma makarantu. Daga wannan gidan ne Magana Jari Ce ya fito, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, NORLA ta zo ta wuce a shekarun 1950, sannan NNPC a 1966.

Ga abin da ya shafe mu a nan. Ƙa'idojin rubutun da muke ta jayayya a kansu kullum, ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, raba "ya ce" da "a cikin", sun zauna da gindinsu ne saboda akwai tebur guda da kowane rubutu sai ya bi ta kansa kafin ya isa inji. Littafi bayan littafi yana fitowa da tsari iri ɗaya, idon mai karatu ya saba, har ya zama in ya ga kuskure yana jin sa kamar tsakuwa a shinkafa.

Sai dai ƙofar ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Ku duba: daga 1933 sai da aka yi shekara 47 kafin a ga ƙagaggen littafin mace a wannan layi, wato So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda NNPC ta buga a 1980, shi ma ta hanyar gasa. Wa zai ce duk tsawon shekarun nan mata ba su da labarin bayarwa? Duk mai yabon zamanin Zariya ya riƙa haɗawa da wannan lissafin.

Daga nan abubuwa biyu suka haɗu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da azuzuwan yaƙi da jahilci suka yaye ɗimbin matasa da matan aure masu iya karanta Hausa, suna neman abin karantawa. Tattalin arziki kuma ya karye, tsarin SAP na 1986 ya zubar da darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma kan littattafan da ke cikin manhajar makaranta, inda ciniki yake da tabbas. Ga masu karatu, ga marubuta, ba mai haɗa su.

Sai marubutan suka haɗa kansu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmad, 1984, shi ake yawan ambata a matsayin mabuɗi. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Allura Cikin Ruwa. Aka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama a Kano. Tsarin kuwa mai sauƙi ne: ka rubuta a littafin makaranta, ka kai wa mai tafireta, ka biya maɗaba'a, ka ɗauko kayanka ka kai wa 'yan kasuwa a Bata, su kuma su raba zuwa garuruwa. Kun taɓa tambayar kanku me ya sa littattafan nan suke zuwa na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne ya yanke daidai inda rai ya ɗauka? Ba salon adabi kawai ba ne, jari ne. Cinikin na ɗaya shi ke buga na biyu.

Masana suka rabu a kansu. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da na kasuwar Onica, Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu, aka yi ta musayar alƙalami a jaridu. Ni dai a ganina masu karatu sun riga masana yanke hukunci. Waɗannan littattafai sun shiga ɗakunan da littafin Zariya bai taɓa leƙawa ba, sun taɓo auren dole da kishi da saki da bakin waɗanda abin ya ci. Daga cikinsu masana'antar fim ta Kano ta samu labarai da ma'aikata. Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba har wani kamfani a Indiya, Blaft, ya buga fassararsa ta Ingilishi a 2012.

Amma teburin nan na Zariya, ba a taho da shi Kano ba. Yawancin tafiretocin babu ƙugiya, mai bugun kuma ana biyan sa ne a kan shafi, ba a kan daidai ba. "Yace", "nagode", "acikin", "dashi" suka cika takarda. Ɗauki "bata" kawai: a shafi guda za ka same ta a madadin "ba ta zo ba", da "ba ta kuɗin", da "ɓata", ga kuma Bata ta kasuwa. Wanda ya tashi da karanta wannan, da me zai rubuta? Wayar hannu ta zo ta tarar da ɗabi'ar, ta ƙara mata gudu. Ba na ɗora wa marubutan laifi, da yawansu firamare ko makarantar dare kaɗai suka samu, kuma sun yi abin da masu digiri ba su yi ba. Wasu daga cikinsu ma sun riƙa ba juna rubutu a duba kafin a buga. Gurbin edita ne dai ya zauna ba kowa.

To mu dawo Takur. Abin da aka yi wa ɗalibarmu tayi bai yi kama da Zariya ba, don ita za ta biya. Bai kuma zama lalle ya yi kama da Kano ba. Marubutan Kano sun biya kuɗin bugu, amma littafin nasu ne, su ke sa farashi, su ke cewa a sake bugawa. Akwai wani tsari na daban inda kai za ka biya, sunan kamfani ya hau bango, haƙƙin mallaka ya rikice, a ƙarshe a miƙo maka kwalaye ka san inda za ka kai su. Wanda ya riga ya karɓi ribarsa daga hannunki, me zai kai shi neman mai saye? Lambar ISBN da ake yi wa sababbin marubuta kwalliya da ita kuwa, Laburaren Ƙasa ne ke bayarwa, marubuci ma yana iya nema da kansa.

Ban ce mata ta jira ba. Kamfanonin da ke ɗaukar ƙagaggen labarin Hausa daga sabon marubuci su biya komai 'yan kaɗan ne, kuma har yanzu gasa ce babbar ƙofa, kamar Hikayata da BBC Hausa ta fara wa mata a 2016. Ban kuma ce ta biya ba. Na ce ta koma ta tambaye su, a rubuce: wa zai tace rubutun, kuma a ina ya koyi Hausa? Sunan wa za a sa a haƙƙin mallaka? A wane shago za a ga littafin a Dutse ko Kano, kuma wa zai kai shi?

Ta tambaya. A kan ta farko suka ce kwamfuta za ta gyara. Sauran biyun suka ce sai manaja ya dawo.

Kuɗin adashen yana nan ba a taɓa ba. Rubutun kuma yana hannun wani tsohon malamin Hausa da ya yi ritaya a unguwarsu, yana bi da jan biro bayan la'asar. Jiya ta ce mini sun kai shafi na 40, kuma ya sa ta sake babi na biyu gaba ɗaya, don wai matar da ta mutu a shafi na 12 ta kawo gaisuwa a shafi na 31.